Baba Tartsatsi da Tabarau Mai Ƙiftawa

Babanmu mai walda ne. Tun kafin a haife ni yake haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe a wani shago da ke ƙarƙashin bene, kuma duk layin ba a san shi da wani suna ba sai Tartsatsi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannayensa duk tabon ƙuna. Ko gaisuwa zai yi sai ya ɗaga murya, don ya saba magana injin yankan ƙarfe yana ihu. Muna yara in mun kai masa abinci, tun daga nesa yake daka mana tsawa: "Kada ku kalli wutar nan!"

Da girma ya zo sai mantuwa ta shigo. Ya auna ƙofa, kafin ya ɗauko ƙarfe awon ya gudu. Wata rana ya bar injin a kunne ya taho gida. Yayana ya karɓi shagon, Baba ya koma zaman falo, ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Shirun nan ya fi mantuwar damun Mama.

Ni da Mama muka kai shi wajen likitar ƙwaƙwalwa. Ta ce cutar tana farkonta. Ta kuma ba mu labarin wani bincike da suke yi: tabarau ne mai fitila a ciki tana ƙiftawa da sauri, da abin sawa a kunne mai ɗan ƙara, a sa wa mutum kowace safiya a ga ko cutar za ta rage gudu.

"Gwaji ne fa, Baba, ba alkawari ba," in ji ta. "Rabin mutanen za su samu na gaske, rabi kuma na kwaikwayo, don a kwatanta. Ko ni ban san wanda za a ba ka ba."

"Tsaya, 'yata," Baba ya ce. "In zauna in kalli wuta? Da gangan?"

"Haka ne."

Ya kwashe da dariya har da hawaye. Rabon da mu ji dariyar nan har mun manta. "Ni da na tsufa ina ɓoye mata ido! Ku sa ni a ciki!"

Daga ranar nan gidanmu bai sake hutawa ba. Gari na wayewa ya yi wanka, ya sa rigar fita, yana bubbuga min ƙofa: "Auta, tashi, za mu makara aiki!" Ɗakin gwajin yana saman benen asibitin, da labule mai kauri da kujeru masu laushi a jere. A nan ya yi abokai, wani tsohon direban bas da wata malamar makaranta mai ritaya. In an cire musu tabarau sai musu ya kaure a baranda kan wa aka ba na gaske.

"Nawa ne na gaske," in ji Direba. "Har cikin haƙorana nake jin sa."

"Haƙoran da babu?" Baba ya ce. "Malam, ni fa wuta abokiyar aikina ce. Nawa ne na gaske, ko makaho ya shafa ya ji."

Mantuwar ba ta tafi ba. Yakan kira ni da sunan ƙanwarsa, ranar nan ma a firji muka tsinci makullin gida. Amma ya koma leƙa shago yana yi wa yayana faɗa kan haɗin da bai miƙe ba, har ya sa aka ƙera wa ɗakin gwajin maratayin tabarau, shi ya fenta da hannunsa.

Da binciken ya ƙare likitar ta kira mu. Ta juya biro a hannu, sannan ta ce, "Baba, kai kana cikin masu na kwaikwayo."

Mama ta kama gefen rigarsa. Baba ya dubi likitar, sai ya doki gwiwarsa.

"Kai! Duk wannan tashin da na yi da na bogi ne? To ina ga an ba ni na gaske!"

Likitar ta yi dariya. Ta ce har yanzu ana nazarin sakamakon, kuma mai yiwuwa fita da hira da mutane ne suka wartsake shi. Amma akwai zagaye na biyu, duk wanda ya samu kwaikwayo za a ba shi na gasken in yana so.

"In ina so? Gobe ma in kin buɗe ƙofa za ki same ni a bakinta!"

"Sai wata mai zuwa, Baba."

A kan matakala muka ci karo da Direba, bakinsa har kunne, don shi na gasken ya samu. Baba ya rungume shi yana cewa wannan karon dai ya ci, a bari a ga zagaye na biyu. A cikin tasi ya ba mai motar labarin tun daga farko, sannan ya sa aka tsaya a bakin kasuwa. Wai sabuwar riga yake so, don ba zai fara na gaske da tsohuwa ba. Mama ta ce ya yi a hankali, amma ita ta riga shi fita daga motar.