Rumfar Tannie Ralie

Duk mai zuwa hutun ƙarshen shekara a bakin tekun Henties ya san Oom Tienie Kotzé, wato Kawu Tienie, ko ya so ko bai so ba. Tsohon makanikin tarakta ne daga Gobabis, gajere, gwiwoyinsa kamar dankali. Tun ina saurayi motar kwanansa ke tsayawa kusa da tamu. Kifi dai bai taɓa yi masa biyayya ba. Abin da ya iya shi ne rumfa.

Da rana ta take tsaka, kafin iska ta taso daga teku, sai ya bi layin motoci yana buga murfin tukunya.

"Ku naɗe! Sarel, da kai nake! Bara a Botswana aka tsinci taka."

"Haba Oom, ko kofina ban shanye ba," in ji Sarel maƙwabcinmu.

"Ka sha da yashi, ya fi riƙe ciki."

Karatunsa ba ya canzawa. Turke ba ya kama yashi, sai dai a binne tsohuwar taya a ɗaura igiya a jikinta. Igiyar kuma a sa mata guntuwar roba, don ta riƙa miƙewa in iska ta fizga. In abin ya yi ƙamari, a naɗe kawai.

Tasa rumfar, tamfol mai ratsin kore da fari, matarsa Tannie (wato Gwaggo) Ralie ce ta ɗinka da kekenta tun suna sabon aure. A ƙarƙashinta take zama tana yi masa tsiya kan kifin da bai kamo ba.

Bana da suka zo, ciwon mantuwa ya cinye ta. Ba ta gane shi. In ya shigar da ita mota sai ta yi ta dukan ƙofa tana kuka, wai an sace ta. Amma da ya zaunar da ita a rumfar, ta ɗaga kai ta ga ɗinkinta, sai ta ce, "Tienie, ka tsaya min a ka kamar sanda. Ina kofina?"

Shi kuwa sai ya juya baya, wai yashi ya shigar masa ido.

Daga nan murfin tukunya ya yi shiru. Oom ya daina naɗewa. Da ya ga kaɗawar tamfol na firgita ta, sai ya cire robobin nan, ya ɗaure igiyoyin tam har ba sa motsi.

Ranar da iskar ta zo da gaske, kowa ya naɗe tasa, na je ina kare fuska da hula.

"Oom, naɗe mana! Kai fa ka koya mana."

"Na sani, ɗana."

"To me kake jira?"

"In na naɗe, da wa zan yi hira?"

Sai na kama sanda ɗaya na riƙe. Ba mu daɗe ba. Tayoyin sun riƙe, igiyoyin ma sun riƙe, sai tamfol ɗin ya ɗauki duka shi kaɗai. Ya yage daga jikin motar, ya tsage gida biyu, rabi ya haye tudun yashi. Ko ƙwarzane Tannie ba ta yi ba. Ta dubi sama, ta dubi tsohon da ya rungume ta.

"Bawan Allah, ka ga mijina?"

"Ya je nemo rumfa," in ji shi. "Yanzu zai dawo."

Muka tsinto masa rabin. Ya zauna da allurar buhu yana haɗawa, da yatsun da suka saba da sifana. Da ya gama muka taya shi kafawa, ya kawo ta ya zaunar. Ta ɗaga kai, ta daɗe tana bin ɗinkin da ido.

"Wannan ba aikina ba ne," ta ce. "Ku kai ni gida."

Washegari ya kai ta. Tayoyinsa na nan binne a yashi, har yau ba wanda ya ajiye mota a wurin.