Sunayen Da Ke Bayan Hoton Yaya Bashir

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana, Ustaz Bashir, wanda ya horar da 'yan ƙwallon wata kwaleji a nan Jidda har suka zama abin tsoro. Sai bana aka tuna da shi. Wai za a sa wa filin kwalejin sunansa. Ni dai idan na ga manya sun tashi girmama mamaci haka kwatsam, nakan tambayi kaina me suke nema.

Karatuna bai wuce allo ba, bakanike ne ni a Madinar Masana'antu. Amma shekara uku na yi ina buga wa kwalejin nan ƙwallo. Doka ta ce sai ɗalibi zai buga, ɗaliban kuwa ba su iya ba. Sai Yaya ya riƙa zagayawa unguwanninmu yana ɗebo samari, yawancinmu ko iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ba mu da ita, ya ba kowa riga da sunan wani ɗalibi. Ni nawa Abdurrahim ne. Duk ƙwallon da na ci, shi aka rubuta wa, mutumin da ko dutse bai taɓa shura ba.

Ban wanke Yaya ba. Da mu ya yi suna. Da gwiwata ta lalace, washegari ya ba wani rigata. Sai dai ranar da muka ɗauki kofi, ya juya hoton da aka yi mana, ya rubuta sunan kowa na gaskiya da na ubansa. Na ce masa, "Yaya, wannan fa zai iya ɗaure ka." Ya miƙo mini hoton ya ce, "Yalla, maza ajiye. Ba a wurina zai zauna ba."

Makon jiya Abdurrahim ya zo gidana a Waziriyya. Yanzu babban mutum ne, shi ne shugaban kwamitin bikin. Ya kira ni da sunan ɗana, irin kiran Larabawa, ya ce:

"Ya Abu Sale, an ce hoton kofi na wurinka. Aro kawai, mu rataye a zaure."

"Wa ya ce?"

"Mutane, ya sheikh. Kai kullum da zargi."

Na kai wa mai hoto ya ɗauko mini gaban hoton kaɗai, na miƙa wa Abdurrahim sabon. Bai dubi fuska ko ɗaya ba. Juyawa ya fara yi, ya ga fari fat, ya ɗago ya dube ni. Halas, shi ke nan, na samu amsata: sunayen yake nema.

Da Yaya na raye, ban sani ba ko zai hau mumbari ya karɓi tafi, ko zai karanto sunayen. Yana son tafi, Allah ya jiƙansa. Ni ma ba zan buga su a jarida ba, don wasu daga cikinmu har yau takardunsu ba su da ƙarfi.

Su rubuta sunansa a bango, ya cancanta. Amma abin da na riƙe nasa shi ne layi goma sha ɗaya da ya rubuta da hannunsa, ranar da ba wanda ya tilasta masa. Na huɗu ni ne, Haruna ɗan Isa.