Ranar da Kaka Ba Ta Ji Ƙauri Ba

Yau shinkafa ta kama a tukunya, ƙauri ya cika gidanmu, sai na tuna da kakata.

Hancin matar nan bala'i ne. Tana zaune a Unguwar Kanawa za ta gaya maka an ƙona miya a Mando. In na saci nama, ko da sabulu na wanke baki, sai ta ce, "Mijin banza, zo nan in shinshina ka."

Lokacin korona, wata rana wake ya ƙone ƙurmus a gabanta tana jan carbi. Na ce, "Amarya, hancin ya yi ritaya ne?" Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki daddawa ta shinshina, ta ajiye a hankali.

Kashegari masu binciken cutar suka shigo sanye da takunkumi, suna tambaya: akwai mai tari? Akwai wanda ya daina jin ƙamshi? Kaka ta mintsine ni, don tana tsoron a killace ta, ta mutu ba mai yi mata wanka. Ni da bakina ba ya rufuwa, na ce, "Babu."

Bayan kwana tara aka kai ta makwancinta.

Shinkafar yau, Umma na zaune kusa da tukunyar tana tari, kuma ba ta ji komai ba. Na riga na ɗauko mata hijabi, asibiti za mu.

Allah Ya sa Kaka tana shaƙar ƙamshin Aljanna, ni kuma Ya yafe mini "babu" ɗin nan.