Ƙafar Baba Tela

Shekara arba'in da ɗaya Baba Tela ya yi yana taka keken ɗinki a ɗan shagonsa mai taga ɗaya, har fentin matakin ya goge. Da aikin nan ya raini 'ya'ya biyar. Bai taɓa saɓa ranar ba da kaya ba, har sauran teloli suna yi masa tsiya wai yana ɓata musu sana'a.

Sai ƙafar dama ta fara gardama. In ya ɗan yi tafiya, sha-raɓarsa ta ɗaure, ya tsaya kamar mai duba waya. Yatsun suka yi sanyi. Autarsa ce ta gano, ranar da ta ga wani gyambo a babban yatsansa ya ƙi warkewa.

A asibiti likitar ta nuna masa hoto. Jijiyar da ke kai jini ƙafar ta tsuke, daga cinya har gwiwa.

"Hanya biyu ce, Baba," in ji ta. "Ko mu zura siririyar waya cikin jijiyar, mu hura ɗan balan-balan ya buɗe ta, gobe ka koma gida. Ko mu yi tiyata, mu ciro wata jijiya a ƙafarka mu ɗinka, jinin ya kewaye wurin. Wannan sai ka yi makonni kana jinya."

"Wanne ya fi ƙarko?"

"Tsukewar taka doguwa ce, in an buɗe ta da waya tana iya sake tsukewa. Tiyata ta fi wahala, amma zuciyarka za ta ɗauka."

Auta ta ce, "Baba, a shekarunka, a yi mai sauƙin mana."

"Ban taɓa yi wa mutum aikin da zai dawo da shi ba," ya ce. "Ni ma ba zan karɓi irinsa ba."

Aka yi tiyatar. Ya sha jiki. Kwana tara yana kwance, zazzaɓi ya kama shi, ya rabu da taba ba ya so. Ranar da aka buɗe bandeji ya sa tabarau ya ƙura wa ɗinkin ido.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce," in ji likitar.

"Layin ya ɗan karkace a ƙasa. Amma hannunki ya faɗa."

Bayan wata uku, da za a sake duba shi, ya ƙi hawa mota. Ya taka har asibitin ba tsayawa, Auta na biye da shi tana haki, riƙe da kujerar roba da bai zauna a kai ba.