Wiebe da Keken Aukje

Kowace safiya, ko ana ruwa ko ana iska, Wiebe Tolsma kan jingine kekensa a bayan gidan kula da tsofaffi na garinmu Harlingen, ya gangara ɗakin gyara da burodi da cuku a aljihu. Sai ya ɗora kofi, sannan ya bi kekunan guragu ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa birki, yana duba batir.

Ma'aikatan gidan ba su manta da zancen Aukje ba, tsohuwar mai sayar da kifi da ganinta ya dushe. Ranar da ta buge ƙafar wata nas da kekenta mai lantarki, aka yanke shawarar karɓe shi. Wiebe ya roƙa a ba shi lokaci. Ya kewaye keken da 'yan na'urori masu aika sauti su saurari dawowarsa, kamar jemage, su gane kusancin bango. Sai dai 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ke sarrafa su ƙafafunta na jona waya kaɗan ne, kowace na'ura kuwa biyu take nema.

Ya haɗa su a waya ɗaya. Duk suka riƙa magana lokaci guda, amon wannan yana faɗawa kunnen waccan, keken ya dinga cijewa a tsakiyar fili.

Aukje ta ce, "Wiebe, ko ka sa mini mijina ne a ciki? Shi ma haka yake tsayawa ba dalili."

Ya ce, "Yi haƙuri, zan koya musu bin layi."

Nas ɗin ta ce ya sayi babbar ƙwaƙwalwa a huta. Ya ƙi, ya ce ƙaramar za ta iya. Ta kuwa iya, bayan ya sa wani ɗan makunni da ke ba kowace na'ura damarta bi da bi. Amma hunturu ya wuce, bazara ta bi shi, Aukje tana zaune bakin taga.

Da aka gama, ita kaɗai ta tuƙa kanta har bakin teku, ta tsaya tana yi wa masunta tsiya kan kifinsu. 'Yan makonni ta samu. Kafin ganye ya zube ta rasu.

Har yau in an yabi aikin, sai ya kau da kai ya ce, "Taurin kaina ya cinye mata bazara."

Wiebe, kai ne ka ƙi yarda a zaunar da ita. Kai kana tuna watannin da ta rasa, mu muna tuna dariyarta a bakin ruwa. Mun gode.

Yanzu hannunsa ya fara rawa, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ba kuwa wanda ya zauna ya koya. Duk mai iya riƙe wayar lantarki ya gangara wurinsa tun yana nan. Akwai keken wani tsoho a kan teburin, gefe ɗaya kawai aka gama.