Gonar baban Kawu Jatau a Kuyello

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar Kawu Jatau, ƙanen mahaifiyata wanda ya rene ni. Allah ya jiƙansa. A wannan daminar ce kuma 'ya'yana suka tsaya kai da fata sai an tuge baban rinin da ya bar mana a gonarsa ta Kuyello, a shuka gyaɗa.

Tun kafin zuwan Turawa Kawu yake noman baba. Ya yanke, ya daka, ya rufe shi ya ruɓa, ya cura ya shanya, sannan ya ɗora wa jakuna ya bi ayarin fatake ta cikin daji zuwa Zariya. Ya sha gaya mini cewa ɓarayin daji ba su ƙona masa rai kamar masu karɓar kuɗin fito ba. Kowace mashiga a tsayar da su, kowace ƙofar gari a kwance kaya a ɗebi rabon sarki. Kafin ya isa marina, mangala ta rame.

Ranar da aka yi shelar an soke kuɗin hanya, Kawu ya yanka rago. Ya ci moriyar abin shekaru da dama, wannan ba zan ɓoye ba. A cikinsu ya ƙara gona, ya yi mini aure.

Sai hanyar nan da aka buɗe ta kawo shunin Turawa a gwangwani. Ba wari, ba jiran damina, ga araha. Masu rini suka fara ce masa ya dawo wata kasuwar. Na raka shi tafiyarsa ta ƙarshe, muka komo da kayanmu yadda muka tafi da su. Da muka sauke a zaure ya daɗe yana kallon jakunan, sannan ya ce: "Audu, na zaci don in fita aka buɗe ƙofar nan. Ban tambayi wanda zai shigo ba."

Da zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Zai ga maiɗakina da zannuwa masu launi har na canji, alhali uwata da zane ɗaya ta tsufa. Talaka ya samu sutura, gaskiya ne. Sai dai wanda ya yanke hukuncin buɗe hanyar bai taɓa zuwa Kuyello ya ga wanda aka tuɓe domin a suturta wasu ba.

Ban daina noman baban ba, saboda akwai tsohon marini guda a Birnin Gwari da yake karɓa duk shekara. Watan jiya na kai masa ragowar na bara, na tarar da na shekarun baya jibge a bayan rumfa, gara ta cinye rabi. Ya sunkuyar da kai ya ce in ci gaba da kawowa, albarkacin Jatau ba zai mayar da ni ba, amma ya daɗe bai zuba shi a karofinsa na rini ba. Ashe sadaka nake karɓa ban sani ba.

Ƙoren Kawu, baƙar rigarsa wadda aka rina da shunin gonarsa, tana nan a adakata, har yau ba ta koɗe ba. Ita kaɗai ta rage daga aikin rayuwarsa, sai hancina da yake gane baba ya ruɓa daidai, ilimin da ba mai nema. Jiya na ce wa yaran su shiga da garma. Na dai roƙe su su zaɓi ranar da na tafi kasuwa.