Ranar da Na Kashe wa 'Yata Ƙudajenta

Shekarun baya kaɗan, lokacin wani dogon yajin aikin jami'a, 'yata ta dawo gida Ƙaraye rungume da kwali kamar mai goyon jariri. Ni dillalin hatsi ne, masara da dawa nake tarawa tun daga Yammedi har Rogo, kuma a sana'ata duk ƙwaron da ke motsi abokin gaba ne. Tana buɗe kwalin sai ga kwalabe an toshe bakinsu da auduga, cike da 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro.

Na ce, "Uwata, digiri na biyun ke nan? Kiwon ƙuda?"

Ta yi dariya, ta zaunar da ni. Ta ce a cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu siraran zaruruwa da ke riƙe da ita, kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. Idan jijiya tana tsirowa, su ne ke tura bakinta gaba har ta je ta kama tsoka. Nata ƙudajen da karkatacciyar azara ake ƙyanƙyashe su, tana duba yadda haɗin jijiyar ke lalacewa. Wata takwas ta yi tana haɗa wannan da wancan kafin ta samu irin. Na yi ta gyaɗa kai, alhali hankalina yana kasuwa.

Ɗakinta zafi gare shi, sai ta roƙi in bar ta ta ajiye su a ƙaramin sitona na bayan gida. Na ce to.

Bayan mako biyu sabuwar masara ta shigo, ita kuma tana Rogo bikin 'yar gwaggonta. Na yi abin da hannuna ya saba duk kaka: na jera buhuna, na cusa ƙwayar maganin ƙwarin da muke kira bom, na toshe taga, na kulle ƙofa. Kwalin bai ko faɗo min a rai ba.

Da ta dawo muka buɗe, muka jira iska ta ratsa. Ta ɗaga kwalba ɗaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, maganinka yana aiki."

Na ce, "Ki kwantar da hankali, wurin masu mangwaro cike yake da su, gobe in sa a kamo miki."

Ta ce, "Baba, in aka ƙone maka irin da ka yi shekaru kana zaɓa, sai a ce maka ga masara can a kasuwa?"

Ni da ba a kayar da ni a ciniki, sai na sunkuya na ɗaukar mata kwalin.

Daga farko ta sake aikin. Abokan karatunta suka riga ta gamawa da shekara guda, kuma har yau ba ta taɓa yi min gori ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina mantuwa ce, ɗan Adam ajizi ne. Amma na san halina. Da buhun wani baƙo ne aka ba ni ajiya a siton nan, da ban manta ba.